Birnin da Baba Ya Ce Zai Zauna a Cikinsa

Shekarar da idon Baba ya rufe gaba ɗaya, ni ne a gida. Yayata tana gidan mijinta a unguwar Vêdoko, mahaifiyarmu kuwa ta daɗe da rasuwa, saboda haka ni da matata muka ɗauki nauyinsa a tsohon gidanmu na Zongo, wanda kakanmu ya gina tun unguwar ba ta cika haka ba. Ciwon suga ne ya ci idon. A hankali ya ci shi, har Baba ya daɗe yana musu, yana cewa tabarau ne suka lalace. Ranar da ya tsiyaya shayi a kan tabarma yana zaton cikin kofi yake zubawa, daga nan bai ƙara musu ba.

Ina koyar da Faransanci a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a unguwar Zogbo. Da asuba nakan tashi in zuba masa ruwan alwala, in riƙe hannunsa zuwa masallacin bakin lungu, in dawo da shi, in auna sugansa, in yi masa allura, sannan in hau babur. Kafin in dawo da yamma matata ta jigata, shi ma ya gaji da zama, yara suna ta hayaniya a kansa. In damina ta kankama tsakar gidanmu takan cika da ruwa, sai mu jera bulo daga ƙofar ɗakinsa zuwa ƙofar gida, ya dafa kafaɗata ina gaya masa inda zai taka. Ban taɓa jin gajiya irin ta wannan shekarar ba. Akwai ranar da na tsaya a gaban allo da alli a hannu, na manta abin da na zo rubutawa, ɗalibai suna kallona.

Baba direban babbar mota ne a da. Daga tashar jirgin ruwa yake ɗaukar kaya ya yi arewa, ya wuce Parakou, ya ƙetare kogi a Malanville ya shiga Nijar. Muna yara sai mu yi makonni ba mu gan shi ba. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a kan hanya, yanzu duniyarsa ta koma tabarma da matashi da buta. Rediyo ya gundure shi. Na gwada karanta masa jarida, ya ce in bari, duk maganar ɗaya ce ake ta juyawa.

A lokacin ne ake share bakin tituna a gari. An shafa wa rumfuna jan fenti, alamar za a rushe su, don gari ya yi tsabta, masu tafiya a ƙasa su sami hanya. Akwai wani tsoho da nake sayen tsofaffin littattafai a wurinsa tun ina ɗalibi. Na biya ta wajensa na tarar yana cusa su a buhuna, ba shi da inda zai kai su. Ya ce in ɗebi abin da zan iya ɗauka. Na ɗaure wani tuli a bayan babur ba tare da na duba ba. Da na kwance a gida, sai na ga da yawansu irin labaran nan ne na zamanin da bai zo ba, inda marubuci yakan ƙirƙiro wata ƙasa da aka gyara komai a cikinta, sannan ya nuna abin da gyaran ya ci. Ina son irin waɗannan tun ina saurayi. Na ɗauki ɗaya wanda bangonsa ya yage, na ce wa Baba ko in karanta masa labari.

"Tatsuniya za ka yi mini, Musye?" Haka yake kirana, wato Malam da Faransanci, in yana son tsokana, tun da na fara koyarwa.

"Ta Turawa ce, Baba. In ba ta yi maka ba sai mu bari."

"To, zuba mu ji."

Bayan la'asar muke yi. In karanta shafi a zuci, in mayar masa da Hausa. Yana jin Faransancin hanya da na kwastan, amma na littafi yakan ce ya yi masa tsawo.

Labarin wani birni ne da ba a kwana da yunwa a cikinsa. Kowa yana da ɗaki, kowa yana da aiki, in ka yi tari kafin ka nemi likita ya zo. Ba ɓarawo, ba alƙali, ba unguwar masu hali da ta talakawa. Dabarar da suka yi ita ce, duk bayan 'yan shekaru sai a sauya wa kowa gida da maƙwabta da wurin aiki, don kada wasu su haɗa kai su ce mu ne 'yan wuri kaza, waɗancan baƙi ne. Ba wanda yake zaɓen inda za a kai shi. Sai wani mai gyaran famfo, da matarsa ta mutu a ɗakin da suke, ya ce shi ba zai tashi ba. Ma'aikatan birni suka riƙa zuwa suna lallashinsa da ladabi, suna kawo masa abinci, suna nuna masa hoton sabon ɗakin da ya fi nasa haske. Ya ce a'a.

Na zaci Baba zai so mutumin nan. Ai shi ma bai taɓa yarda a ba shi umarni ba, ya sha barin ubangida saboda magana ɗaya. Amma muna kaiwa nan sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ka ce ba ya biyan haya?"

"Ba ya biya."

"In ya yi ciwo a duba shi?"

"A duba shi."

"'Ya'yansa fa?"

"Ana koyar da su, ana ciyar da su."

"To me ke damun wannan bawan Allah? Butulu ne kawai."

Na ce, "Baba, ba a bar shi ya zaɓi komai ba fa. Ko inda zai sa kansa ya kwanta."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni an bar ni na zaɓa. Na zaɓi kwana a ƙarƙashin mota, sauro yana cina. Ranar da aka haife ka ina can bakin iyaka, taya ta fashe, sai da aka yi suna na ji labari. Da na mutu a daji a shekarun nan, sai ungulu ta riga uwarku sani. Kai da ka tashi a aji kana ganin 'yanci wani abin daɗi ne. Ni in akwai birnin nan, gobe ka kai ni."

Na tuna masa zamanin juyin juya hali, wanda ni na riske shi ina ƙarami, lokacin da ake ce wa kowa kamarad. Shi da kansa ya sha ba mu labarin yadda ake tare su a shingaye, a sauke su, a sa su maimaita kirarin gwamnati kafin a bar su su wuce. Na ce su ma ai ƙasa marar aibi suka ce za su gina.

"Kada ka haɗa su," in ji shi. "Waɗancan sun yi alkawari ba su cika ba, har albashi ya gagara. Waɗannan na littafinka sun cika. In mutum ya ƙwace maka abu bai ba ka komai ba, wannan ɓarawo ne. In ya karɓa ya ba ka abin da ya fi, sai a zauna a yi magana."

Haka muka riƙa yi har damina ta yi nisa. Wata rana mu karanta shafi biyu mu ɓata sauran lokacin a gardama, wata rana barci ya ɗauke ni da littafin a kan ƙirji, sai ya zungure ni da sandarsa. Gaskiya ban cika samun ƙarfin kare mai gyaran famfo ba. Ina faɗin abin da na saba faɗa wa ɗalibai, cewa ɗan Adam ba dabba ba ne da za a ciyar a ɗaure, amma a raina ina jin da za a zo a karɓi makullin gidan nan da allurar nan da bulon nan, a ce mini je ka kwanta, an ɗauke maka, da ban tambayi ko su wane ne ba.

Yaya ce ta zo ta karɓa. Ta zo wata Lahadi bayan an yi ruwa, ta tattare zaninta tana taka bulo, ta tarar da danshi ya hau bangon ɗakin Baba har ya yi baƙi. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kusa da shi ta riƙe ƙafarsa tana dubawa, ta ga ta kumbura. Yaya mace ce mai tsari, tana sayar da atamfa, mijinta yana harkar fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, kuma sun gama sabon gida mai ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba.

"Baba, ka zo wurina," ta ce. "Ɗakin yana nan a shirye. Ga banɗaki a ciki. Akwai ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa zuwa kullum da safe. Wannan yaron ya rame, dubi wuyansa."

Ni take nufi. Ta manta Baba ba ya gani, ko kuma ba ta manta ba. Na shirya jin ya ƙi, domin a ɗakin nan mahaifiyarmu ta cika, kuma duk abokansa da suka rage a Zongo suke. Sai ya ce, "To, uwata. Yaushe?" Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta haka.

Ranar da mota ta tafi da shi, na shiga ɗaki na kwanta tun kafin azahar, ban farka ba sai da matata ta tashe ni la'asar tana neman wucewa.

Gidan Vêdoko ya karɓe shi. Ba zan rage wa Yaya komai ba. Cikin 'yan makonni kumburin ƙafarsa ya saɓe, sugansa ya sauka ya tsaya wuri ɗaya, fatarsa ta yi kyau. An manna masa ƙarfe a jikin bango daga gado zuwa banɗaki, yana bi ba mai riƙe shi. Abincinsa a kan lokaci, dafaffe ba soyayye ba, gishiri kaɗan, shayi ba suga. Goro an rage masa zuwa ɓari ɗaya. Da Yaya ta gano abokansa na Zongo suna ɓoyo masa dabino da alewa a aljihu, sai ta ce su riƙa zuwa ran Juma'a kawai, a falo, tana zaune. A hankali suka rage zuwa, don Vêdoko da nisa ga tsoho, kuma hira a gaban 'yar abokinka ba ta sakewa. Masallaci yana da ɗan nisa, titin kuma motoci suna gudu, saboda haka a ɗaki yake salla, sai Juma'a direba ya kai shi ya dawo da shi. Ƙofar gida a rufe take koyaushe, da maigadi.

Nakan biya bayan lakwal in na sami hali. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. In na tambaye shi yaya gidan, sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ko sauro ɗaya babu." Amma ya rage magana. Wani lokaci in tarar da shi zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, fuska wajen taga, kamar mai jiran a kira shi. Na tambaye shi ko in kawo littafin mu ci gaba, ya ce in kawo. Na yi ta mantawa.

Wata Asabar da hantsi Yaya ta kira ni. Baba ba ya gida. Maigadi ya fita sayo wani abu ya bar ƙaramar ƙofa a sakaye, mai aiki tana wanki a baya, ita kuma tana shago. Sandarsa ba ta nan, hularsa ba ta nan. Wata mai sayar da burodi a bakin titi ta ce ta ga wani tsoho ya lalubo bango ya fito, ya tsaya ya ɗaga hannu yana kiran zem, wato ɗan acaɓa, wani mai babur ya tsaya, ya taimaka masa ya hau, suka tafi.

Dukkanmu Zongo muka yi tsammani. Na zaga masallacinmu, na zaga majalisar abokansa, na leƙa wurin mai shayin da yake zama a da, na je har maƙabarta ko ya ce a kai shi wajen mahaifiyarmu. Ba wanda ya gan shi. Mijin Yaya ya shiga asibitoci. Rana ta take, rigata ta jiƙe, ina ta tunanin makaho a bayan babur cikin cunkoson garin nan, ba hular kwano, ba wanda ya san sunansa. Ana kiran azahar wayata ta yi ƙara. Wata mata ce, tana magana da yaren Fon tana haɗawa da Faransanci. Ta ce tsohona yana wurinta a Placodji, can bakin teku, ya ci ya ƙoshi, shi ya karanto mata lambata ya ce yanzu ta iya kira.

Na same shi zaune a kan benci a wata rumfar kwano, iskar teku tana kaɗa masa riga. Gabansa faranti ne da ƙayar kifi da ragowar yaji, da ganyen da aka naɗe kafa, tuwon kamun masara, a ciki, da kofin shayi mai madara wanda ko daga nesa na san an cika masa suga. Matar dattijuwa ce mai suyar kifi. Ta ce tun uwarta tana da rai Baba yake cin kifi a wurinsu, lokacin da direbobi suke kwana da kwanaki suna jiran lodi. Yau ta ji ana kiran sunan uwarta a bakin hanya, ta fito ta ga shi ne.

"Musye, ka iso?" ya ce. "Zauna a sa maka kifi."

Na zauna. Matar ta taɓa ni, ta nuna mini ƙafarsa da ido. Na ɗaga wandonsa. A ƙwaurinsa na dama akwai ƙuna mai faɗin tafin hannu, fatar ta saɓule. Salansar babur ce ta ƙone shi, wataƙila tun a farkon tafiyar, kuma bai ji ba, domin suga ya riga ya kashe masa jin ƙafafu.

Yaya ta iso da mota. Ta fito ba ko mayafi a daidai, ta durƙusa a gabansa cikin yashi, ta ga ƙunar, ta ga farantin, sai ta fashe da kuka.

"Baba, me na rage ka da shi? Gaya mini. Me na yi maka?"

"Ba ki rage ni da komai ba, uwata. Gidanki ya fi duk inda na taɓa kwana."

"To me ya fitar da kai? Kifi? Da ka ce kifi kake so, ba sai a sayo a dafa maka ba?"

Ya murza sandarsa. "Ba gudu na yi ba," ya ce. "Da ma zan dawo. So na yi in ce wa wani kai ni wuri kaza, ya kai ni, bai tambaye ni dalili ba."

"Da mota ta buge ka fa?"

"Da ta buge ni."

Muka ɗaga shi muka sa a mota, muka wuce asibiti.

Ƙunar nan ta ci mu watanni. Ciwon mai suga ba ya saurin warkewa. Ta yi ruwa, ta yi wari, aka kwantar da shi, aka kankare, aka sallame shi, ta sake tashi, aka sake kwantar da shi. Har an fara maganar yanke ƙafar, Allah ya taƙaita. Duk hutun da na samu ya tafi. Daga Zongo zuwa Zogbo, daga Zogbo zuwa asibiti, daga asibiti zuwa kantin magani, in dawo gida in tarar da tulin takardun ɗalibai. Yaya ta bar shagonta a hannun wasu, ita ma ta zube. An sauya maigadi, an sa wa ƙaramar ƙofa kwaɗo. Akwai ranakun da na ji haushin Baba har ba na son haɗa ido da fuskarsa. Kifi ɗaya da shayi ɗaya, ga abin da suka jawo wa mutum huɗu.

A asibitin ne muka ƙarasa littafin, don zaman ya yi yawa. A ƙarshe ma'aikatan birnin suka daina ladabi. Ashe akwai wani gini a ƙarƙashin ƙasa inda ake kai masu taurin kai, a yi musu abin da za su manta ko su wane ne. Mai gyaran famfo ya gano haka, ya tsere ta cikin bututun ruwa, ya fita bayan gari cikin sanyi da yunwa, marubucin ya bar shi a nan yana kallon fitowar rana. Na rufe littafin, na ce, "Ka gani, Baba? Ashe mugaye ne."

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba ruwan da ake ƙara masa ta tafi.

"Mai littafin nan ya ji tsoro," ya ce. "Ya ga mutane za su so birnin, sai ya haƙa musu rami a ƙasa don ya sauƙaƙa wa kansa. In mugaye ne ke tsare da kai, ai ba wuya, kowa ya san gudu zai yi. Da ya bar su mutanen kirki har ƙarshe, masu sonsa da gaske, masu kuka in ya ji ciwo, sannan mu ga yadda zai yi."

Na ce ban yarda da shi duka ba. Duk inda aka ba wasu ikon tsara wa kowa rayuwa, ko da kirki suka fara, ramin nan yana zuwa daga baya, kuma shi da kansa ya ga haka a zamanin kamarad. Ya ce wataƙila. Ya ce shi dai abin da ya sani, har yanzu in an ba shi zaɓi tsakanin birnin da ƙarƙashin mota, birnin zai ɗauka.

"Ko bayan Placodji?"

"Ko bayan Placodji. Sai dai in riƙa satar fita." Ya juya fuska bango. "Kashe maganar nan, ƙafata tana zugi."

Ƙafar da ba ta ji wuta ba, yanzu ita ke hana shi barci.

Da ciwon ya rufe, ya bar tabo mai zurfi, kuma tafiyarsa ba ta koma daidai ba. Ya koma Vêdoko, ɗakinsa, ƙarfensa na bango, shayinsa marar suga. Ni ban kawo wata shawara ba, don ba ni da ƙarfin ɗaukar abin da za ta jawo. Yaya ce da kanta, wata rana tana raka ni ƙofa, ta ce in kawo babur ɗina gobe. Ta sa makaniki ya rufe salansar da ƙarfe mai huji-huji, ta sayo hular kwano ta biyu.

"Ran Lahadi ka riƙa ɗaukarsa," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Inda ya ce ka kai shi. Kada ka gaya mini abin da ya ci."

Haka muka yi. In ɗaura masa hular, in ɗora shi, ya riƙe ƙuguna, in ce, "Ina muka nufa, Baba?" Wani lokaci Zongo, ya zauna a majalisa su yi ta musu a kan mutanen da suka mutu tuntuni. Wani lokaci Placodji. Sau da yawa kuwa ba ko'ina, sai ya ce mu bi hanyar arewa, in mun fita gari kaɗan ya ce ya isa, juya. Yana gane wurare da ƙamshi da ƙarar titi, in ya yi kuskure ba na gyara masa. Wata rana na ji nauyinsa ya ƙaru a bayana, ashe barci ya yi, na rage gudu na riƙe hannuwansa da hannu ɗaya har muka iso. Ba kowace Lahadi nake so ba. Ita kaɗai ce ranar hutuna, kuma akwai safiyar da nake jin kiran wayarsa in yi kamar ban ji ba, sai matata ta ce in tashi, tsoho yana jira da hularsa a kai. Sugansa yakan hau ran Litinin. Ma'aikaciyar jinya ta yi magana, Yaya ta ce ta ji.

Ya rasu a daminar da ta biyo baya, da safe, a kan gadonsa na Vêdoko, bayan ya karya. Likita ya ce zuciya ce. A Zongo aka yi masa salla, aka yi zaman makoki a tsohon gidanmu.

Bayan baƙi sun watse, na je Vêdoko muka zauna ni da Yaya muna ware kayansa, na bayarwa da na ajiyewa. Tana ninke wata babbar riga sai ta tsaya.

"Kana ganin fitar nan ta rage masa kwana?"

"Kwana na Allah ne, Yaya."

"Na sani. Ba shi na tambaye ka ba."

Na ce ban sani ba. Na ce wataƙila da an bi dokar likita sak, da ya ƙara wani lokaci, wataƙila kuma a'a. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ninki.

"Na gaya wa 'ya'yana," ta ce, "in na tsufa na rikice, su rufe ƙofa, kada su saurare ni, ko na yi kuka." Ta ɗora rigar a kan sauran. "Babbar ta ce to. Da sauri ta ce to ɗin, ko tunani ba ta yi ba. Sai na ji wani iri."

Muka gama ɗaure kayan. Ta ce in tsaya in ci abinci, na ce ina da takardun jarrabawa da ban duba ba. Ta sa maigadi ya buɗe mini ƙofa, na tura babur waje, na shiga cunkoson yamma na nufi Zongo.